Injina Yana Rawa a Silo, An Wanke Kabureta Sau Biyu Bai Daina Ba

Wani mai karatu ya aiko mana da wannan tambaya:

"Assalamu alaikum. Ina da tsohuwar mota mai silinda huɗu, mai kabureta da distiributa irin mai kwantak. Ta mahaifina ce, Allah ya jiƙansa, shi ya sa ba na son rabuwa da ita. Wata uku ke nan idan tana tsaye a silo sai inji ya dinga rawa kamar zai faɗo ƙasa, idan na taka birki zan tsaya kuma sai ta mutu. Idan na ɗan ja cok sai ta lafa. An canza fulogi, an wanke kabureta sau biyu. Bakanike na biyu ya ɗaga silo, ya murɗa distiributa yana saurare da kunne har ta ɗan daidaita. Tun daga ranar take ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani idan ina hawa tudu, kik yana nauyi idan ta yi zafi, in na kashe makulli kuma sai ta ci gaba da shessheƙa kafin ta mutu. Sukurun haɗin mai ko an murɗa shi ba ya canza komai. Yanzu wani ya ce sai an sauke inji, wani ya ce in sayi sabuwar kabureta. Na rasa wanda zan bi."

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan mahaifi, ya kyauta makwanci. Kada ka sauke inji tukuna, kada kuma ka sayi kabureta. Abin da ka bayyana ciwo biyu ne: wanda motar ta fara da shi, da wanda gyara ya ɗora mata a kai. Na farkon yana nan ba a taɓa shi ba, an bar jaki ana ta dukan taiki. Na biyun kuwa shi ne mai hatsari, kuma da shi za mu fara.

Wannan ƙarar tsakuwa da kake ji a tudu alama ce wuta tana tashi da wuri fiye da kima, wato tayimin ya yi gaba da yawa. Man yana fashewa tun fistin bai gama hawowa ba, sai ya zama guduma ce ake sauke masa a ka. Nauyin kik idan inji ya yi zafi ma daga nan yake, domin fashewar tana tura fistin baya alhali kik yana tura shi gaba. Idan aka ci gaba da tafiya a haka, ring yana karyewa, kan fistin yana cinyewa, gasket ɗin kai yana ƙonewa, a lokacin ne maganar sauke inji za ta zama gaskiya. Saboda haka kafin a gama bincike, ka rage hawa tudu da kaya, kuma da zarar ka ji ƙarar ka sassauta totur ka sauko da giya.

Dalilin da ya sa saitin kunne yake kai mutum nan a fili yake. A silo, wato lokacin da yake juyi ba a taka totur ba, inji ba ya ɗauke da nauyi, duk lokacin da aka tura tayimin gaba sai juyinsa ya ƙaru, muryarsa ta yi daɗi, har a kai wuta tana tashi digiri 20 ko fiye kafin fistin ya kai ƙololuwa. Kunne zai ce an dace. Amma a cikin distiributa, wadda take raba wuta ga fulogi, akwai ƙarafan nauyi biyu da suke ƙara wasu digiri ashirin da ɗoriya idan inji ya ɗauki gudu, kuma a kan abin da aka saita a silo suke ɗorawa. Wanda ya fara daga 20 maimakon 8 zai tsinci kansa sama da 40 a kan tudu, inda inji yake buƙatar abin da bai wuce 30 zuwa 36 ba.

Ciwon asali kuma kai da kanka ka ba mu bakin zarensa, da ka ce jan cok yana sa ta lafa. Cok iska yake ragewa ya ƙara mai. Idan inji mai zafi ya ji daɗin cok, to iska ce ta rinjayi mai a haɗin da yake samu a silo. Hanya biyu ce take kawo haka: ko dai wata iska tana satar shiga ta ƙasan kabureta ba tare da ta ɗauko mai ba, ko kuma 'yar hanyar man silo ta toshe. A silo faifan totur, wato ƙofar iska da ke cikin kabureta, kusan a rufe yake, iskar da inji yake ja kaɗan ce ƙwarai, don haka tsagar da ba ta kai kaurin ashana ba ta isa ta ɓata haɗin. Da an taka totur iska ta yawaita, sai wannan ɗan yoyon ya ɓace a cikinta. Shi ya sa irin wannan mota take tafiya lafiya a kan hanya, sai ta tsaya ta fara rawa. Mutuwar da take yi idan ka taka birki ta sa mun fi zargin wuri guda, za mu zo kansa.

Amma a bi abin daki-daki, domin kowane saiti yana dogara ne da wanda ya gabace shi. Kabureta ita ce ta ƙarshe, ko da yake ita kowa yake fara kai wa sukudireba saboda ita ce a sama.

A fara da auna kwamfireshan, wato ƙarfin matsar iska a cikin silinda, domin shi ne zai raba gardamar sauke inji cikin rabin awa. A bar inji ya yi zafi, a cire fulogi duka huɗu, a zare wayar da take kai wuta kwayil, wato na'urar da take ƙara ƙarfin wutar fulogi, a danne totur har ƙasa, sannan a ba kowace silinda kik na juyi biyar ko shida. Lafiyayyen inji irin wannan yakan ba da tsakanin PSI 120 zuwa 180, amma daidaiton silindodin ya fi girman lambar muhimmanci: bambanci tsakanin mafi girma da mafi ƙanƙanta kada ya wuce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. Idan ɗaya ta yi ƙasa, a zuba mata ƙaramin cokali ɗaya na baƙin mai ta ramin fulogi a sake aunawa. In lambar ta tashi sosai, ring ne. In ba ta motsa ba, bawul ne ko gasket. Biyu da ke maƙwabtaka idan suka faɗi tare, gasket ɗin kai ne ya ƙone a tsakaninsu. Kafin a yanke wa bawul hukunci, a duba tazarar bawul da fila gej, wato siraran ƙarafan nan na auna tazara. A yawancin irin waɗannan injina tana tsakanin milimita 0.15 zuwa 0.30, amma lambar motarka da ko a sanyi ake aunawa ko a zafi, littafinta ne zai faɗa, ko takardar da ke manne a cikin bonet. Bawul ɗin da tazararsa ta rufe ba ya zama daram a mazauninsa idan ƙarfe ya buɗe da zafi, sai silindar ta dinga yoyo, kuma babu saitin kabureta da zai gyara wannan.

Tunda fulogin suna hannu, a jera su yadda suka fito a kalle su. Launin ƙasa-ƙasa lafiya ce. Fari fat, mai ya yi kaɗan ko zafi ya yi yawa. Baƙin toka busasshe, mai ya yi yawa. Baƙi mai maiƙo, baƙin mai yana hawowa. Idan biyu sun yi fari biyu suna daidai, a nemi yoyon iska a manifol, wato bututun da yake kai haɗin mai daga kabureta zuwa silindodi, a reshen da yake ciyar da fararen. Tazarar bakin fulogi ga mai kwantak milimita 0.7 zuwa 0.8 ce, kuma sabon fulogi ma ana auna shi, ba kullum yake fitowa daga kwali daidai da motarka ba.

Idan kwamfireshan ya yi kyau, sai farautar iska. Ka fara da bustar birki, wato babban gwangwanin nan da ke bayan fedar birki, wanda tiyo mai kauri yake haɗa shi da manifol. A cikinsa akwai faffaɗar roba da zuƙar inji take ja don ta taimaki ƙafarka. Idan ta tsage, duk lokacin da ka taka birki ƙofa ka buɗe wa iska kai tsaye zuwa cikin inji. Gwajin ba wuya. Inji yana silo, ka taka birki ka riƙe. Ɗan motsin juyi na daƙiƙa ɗaya ba komai ba ne, amma idan rawar ta ƙaru ta ƙi sauka, ko ka ji huci a wajen ƙafarka, ka kama ɓarawo. Don ka tabbatar, ka cire tiyon daga manifol ka toshe bakin da yatsa ko da roba. In silo ya daidaita nan take, magana ta ƙare. A tsaye kawai ake wannan gwajin. Kada ka kuskura ka hau hanya da tiyon a cire, birki zai yi tauri ya ƙi kamawa yadda ka saba.

Haka za ka bi duk wani tiyo da ya fito daga manifol ko gindin kabureta, ɗaya bayan ɗaya, kana matse shi da filaya kana saurare. Wanda ka matse muryar inji ta canza, a bi shi har ƙarshensa. Tsohon tiyo a bakinsa yake tsagewa, ta ƙasa inda ido ba ya gani, don haka a lanƙwasa shi a duba. Akwai ɗan bawul ɗin da yake janye hayaƙin cikin inji daga murfin bawul zuwa manifol, wanda ake rubuta masa PCV. A cire shi a girgiza, in bai yi kacau-kacau ba ya maƙale. Idan motar tana da bawul ɗin da yake mayar da hayaƙin salansa cikin manifol, mai suna EGR, shi ma baƙin gawayi yakan hana shi rufewa, kuma a silo dole ya kasance a rufe ruf.

Saura mahaɗai: gasket ɗin gindin kabureta, gasket ɗin manifol inda ya manne da kan inji, da bakin sandar totur hagu da dama. Ana fesa musu ɗan maganin wanke kabureta kaɗan-kaɗan inji yana silo. Inda juyi ya canza, nan iska take shiga. Maganin nan yana kama wuta, don haka a nisanta shi da manifol ɗin salansa da wayoyin fulogi, a ajiye abin kashe gobara kusa, kuma a yi aikin a fili, domin hayaƙin mota a rufaffen wuri yana kisa ba tare da mutum ya ankara ba. Gindin kabureta muna so ka sa masa ido sosai, saboda an sauke ta sau biyu. Sau da yawa ana mayar da tsohon gasket, ko a ɗaure notin da ƙarfi har kunnuwan gindin su lanƙwashe, tsakiya ta ɗage. A ɗora rula ta ƙarfe a gindin a ɗaga wajen haske. In haske yana ratsawa, a shimfiɗa samfefa mai laushi a kan gilashi a goga gindin a hankali har ya baje, a sa sabon gasket, a ɗaure notin a gicciye ba tare da an nuna musu ƙarfi ba. Sandar totur kuma a kama ta a girgiza sama da ƙasa. In tana wasa sosai a raminta, iska tana bi ta nan, kuma silo ba zai taɓa dawowa wuri guda sau biyu ba.

Akwai ɗan agogo mai auna zuƙar inji, wanda masu sana'a suke kira gejin bakum. Idan bakanikenka yana da shi, a haɗa shi da manifol. Lafiyayyen inji a silo yana tsayar da allurar cak tsakanin inci 17 zuwa 21, ana rage kusan inci ɗaya a kowane mita 300 na tsayin ƙasa sama da teku. Allurar da ta tsaya cak amma ta gaza wannan lambar da inci biyu ko uku tana nuna wuta ta makara ko ƙaramin yoyo. Wadda take faɗuwa tana dawowa a kan lokaci guda kamar bugun zuciya, bawul ne yake yoyo. Wadda take yawo a hankali sama da ƙasa, haɗin mai ne. In kuma aka riƙe inji a juyi 2,500 a minti allurar ta dinga zamewa ƙasa, salansa ce ta toshe.

Sai an toshe iska sannan a waiwayi wuta. A buɗe murfin distiributa a duba cikinsa da tocila: siririn layi baƙi kamar an ja da fensir hanya ce da wuta ta yi wa kanta, irin wannan murfin sai canji. A duba ɗan gawayin tsakiya da bakin rota, wato ɗan hannun da yake juyawa a ƙarƙashin murfin. Wayoyin fulogi a auna su da mita, wadda ta haura ohm 25,000 zuwa 30,000 ko ta ƙi nuna komai a fitar da ita. Da daddare a cikin duhu ma ana ganin tartsatsi yana tsalle daga ruɓaɓɓiyar waya zuwa jikin inji. A tabbatar an jera su daidai, tunda hannaye da yawa sun shiga wurin. Yawancin masu silinda huɗu a jere 1-3-4-2 suke bi, amma wasu tsofaffin Ford suna bin 1-2-4-3, tsohuwar Volkswagen mai inji a baya kuma 1-4-3-2.

Kwantak, wato 'yan ƙarafa biyu da suke buɗewa suna rufewa a cikin distiributa, shi ne abin da ake yawan tsallakewa, alhali tayimin a kansa yake zaune. Wuta tana tashi ne daidai lokacin da bakin kwantak ya buɗe. Ɗan diddigen robar da yake gogar sandar distiributa yana cinyewa da tafiya, tazarar tana raguwa, buɗewar tana makara, tayimin yana ja baya da kansa ba tare da kowa ya taɓa komai ba. A juya inji da hannu har diddigen ya hau ƙololuwar tudun sandar, a sa fila gej: milimita 0.4 ce ga mafi yawansu. Wanda yake da mitar auna kusurwar rufewar kwantak zai nemi wajen digiri 50 ga mai silinda huɗu, kuma mitar ta fi gej gaskiya idan bakin kwantak ɗin ya tsufa. Duk digiri ɗaya da wannan kusurwa ta canza, tayimin yana motsawa kusan digiri ɗaya. Wanda ya saita tayimin sannan ya koma ya gyara kwantak ya rushe aikinsa da hannunsa. Idan bakin ya ƙone ya yi shuɗi, ko gefe ɗaya ya yi rami ɗayan ya yi tsini, a canza shi tare da kwandensa, a shafa ɗigon giris a tudun sandar, ɗigo kawai, kada ya taɓa bakin. A kuma girgiza sandar gefe da gefe. In tana wasa har tazarar kwantak tana canzawa a ido, bushin ɗinta ya cinye.

Kafin a haska fitilar tayimin, wadda take walƙawa duk lokacin da wuta ta tashi, a tambayi alamar da ke jikin fulin gaban inji ko tana faɗin gaskiya. A injina da yawa fulin gaba ƙarfe biyu ne da roba a tsakani, kuma idan robar ta tsufa zoben waje yakan zame, ya tafi da alamar. A cire fulogin silinda ta ɗaya, a toshe ramin da babban yatsa, a juya inji da sufana har a ji iska tana turo yatsan, sannan a zura tsinken roba ko siririn itace mai santsi a ci gaba da juyawa a hankali har ya daina hawowa. A nan alamar fuli ya kamata ta fuskanci sifili, rota kuma ta kalli wayar silinda ta ɗaya. Idan ta kauce da nisa, a yi sabuwar alama da farin fenti, fulin kuma a shirya canza shi. Wanda farantin lambobin digiri da ke gefen fulinsa ya ɓace yana iya lissafawa: fuli mai faɗin milimita 150 kewayensa kusan milimita 471 ne, digiri ɗaya milimita 1.3 ke nan, digiri 8 kuma kusan milimita 10 da rabi kafin sifili. Tunda sufana tana kan noti, a juya inji gaba sannan a dawo da shi baya ana kallon rota. Idan fuli ya yi tafiyar da ta wuce digiri 10 kafin rota ta motsa, sarƙar tayimin ta saki.

Yanzu saitin kansa. Inji ya yi zafi. A ja layi da alli a gindin distiributa don a san inda aka taso. A cire siririn tiyon da yake zuwa ɗan gwangwanin gefen distiributa a toshe shi, sai fa idan takardar bonet ta ce a bar shi. Nan akwai tarkon da ya shafi motarka kai tsaye: an ɗaga maka silo, kuma ƙarafan nauyin nan suna fara buɗewa ne da inji ya kusa juyi 1,000 a minti. In aka auna a haka, fitila za ta nuna lambar da ta haɗa da nasu ƙarin, a saita a kan ƙarya. Dole a sauko da silo zuwa tsakanin 700 da 850 tukuna, abin da ba zai yiwu ba sai an riga an toshe yoyon iska. A maƙala fitilar a wayar silinda ta ɗaya, a sassauta notin da ya riƙe distiributa kaɗan yadda za ta juya da ɗan ƙarfi. Juya jikinta saɓanin inda rota take juyawa yana kai tayimin gaba, bin rota kuma yana mayar da shi baya. Distiributa rabin gudun karanshaf take yi, wato sandar da fuli yake kai, saboda haka motsin digiri ɗaya a hannunka biyu ne a fuli. Da yatsu ake tura ta, ba da damtse ba. Yawancin irin waɗannan injina suna zama tsakanin digiri 5 zuwa 10 kafin fistin ya kai ƙololuwa, ka bi lambar motarka. A ɗaure notin, a sake haskawa, domin ɗaurewa kan ja ta gefe. Hasken fitilar yana sa fanka da bel su yi kamar a tsaye suke, a kula da hannu da hannun riga.

In ba a sami fitila ba, ƙwan mota mai volt 12 da waya biyu ya isa a yi saitin tsaye. A juya inji har alamar ta zo kan digirin da ake so a bugun silinda ta ɗaya, a haɗa ƙwan tsakanin wayar da ta taso daga kwayil zuwa kwantak da jikin inji, a buɗe makulli ba tare da kik ba. A juya distiributa ta bi rota har ƙwan ya mutu, sannan a dawo da ita a hankali. Daidai inda ya kama, nan kwantak ya buɗe, nan za a ɗaure. Kada a bar makulli a buɗe ya daɗe, kwayil yana zafi, kwantak yana ƙonewa.

Da fitila a hannu, a taka totur a hankali zuwa wajen juyi 3,000 ana kallon alamar. Ya kamata ta tafi gaba sumul, ta tsaya a wajen digiri 30 zuwa 36, ta dawo inda take da an saki. In ta ƙi tafiya, ko ta tafi ta ƙi dawowa, ƙarafan nauyin sun yi tsatsa ko sifirin ɗinsu ya saki, kuma wannan kaɗai yana sa silo ya zama yau sama gobe ƙasa. Inji a kashe, ka murɗa rota da hannu zuwa inda take juyawa ka saki, ta koma da kanta tsaf. Idan alamar tana rawa fiye da digiri biyu ko uku a silo, a koma kan bushin ɗin sanda da sarƙa. Gwangwanin gefen kuma ka tsotsi tiyonsa da baki, murfin distiributa a buɗe: farantin da kwantak yake kai zai motsa, in ka toshe bakin da harshe ya tsaya a wurin. Idan iska kawai kake sha, robar cikinsa ta fashe, ka yi asara biyu ke nan, babu ƙarin tayimin a tafiyar sauƙi, ga kuma wata ƙofar iska.

Sai yanzu kabureta. Ka ce sukurun haɗin mai ba ya canza komai, wannan ba shaida ba ce cewa ta mutu. A bangon maƙogwaronta, daidai saman bakin faifan totur, akwai wasu 'yan ramuka ko 'yar tsaga da suke ba da mai lokacin da aka fara taka totur. Da bakanike ya shigar da sukurun silo don ya hana ta mutuwa, faifan ya buɗe ya wuce su, inji ya koma sha daga can, sukurun haɗin mai ya zama ɗan kallo. Wannan buɗewar ce kuma take sa ta shessheƙa bayan ka kashe makulli, domin mai da iska suna ci gaba da shiga silinda mai zafi. A warware sukurun silo har ya rabu da hannun totur, a mayar da shi ya taɓa, a ƙara juyi ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Sukurun haɗin mai a cire shi a duba tsininsa. In ya yi gaɓa don an taɓa ɗaure shi da ƙarfi, a canza. A shigar da shi da yatsu har ya taɓa a hankali, a warware juyi ɗaya da rabi zuwa biyu. A cire jet ɗin silo a ɗaga shi wajen haske, a hura shi da iska tare da hanyarsa. Kada a zura masa waya, ramin yana faɗaɗa kuma ba ya komawa. Wankin da ake yi ta waje da buroshi ba ya isa wannan hanyar. Idan akwai 'yar na'ura mai waya ɗaya a jikin kabureta, aikinta toshe man silo idan an kashe makulli. A buɗe makulli a cire wayar a mayar, dole a ji ƙas. In shiru, ita ce ta hana man silo wucewa. Tsayin fulot, wato ɗan abin da yake yawo a kan man cikin kabureta yana daidaita yawansa, a auna shi da lambar littafi, kuma inji yana silo a leƙa maƙogwaron da madubi, ba da fuska ba: in mai yana ɗiga daga babban bututu, fulot ya yi sama ko allurarsa ba ta rufewa.

A tayar, cok a buɗe gaba ɗaya, wato ba a ja shi ba, matatar iska a kanta. A shigar da sukurun haɗin mai kwata-kwatan juyi, ana jiran daƙiƙa 10 zuwa 15 kowane karo, har inji ya fara tuntuɓe, sannan a warware har ya kai inda juyi ya fi yawa kuma ya fi santsi. A sauko da gudun da sukurun silo zuwa wajen 800, a maimaita sau biyu ko uku. Idan sai an warware fiye da juyi uku da rabi kafin ya daidaita, akwai sauran yoyo ko toshewa. Idan an rufe shi gaba ɗaya inji bai mutu ba, mai yana zuwa ta wata hanya. A ƙarshe a sake haska tayimin, a mayar da tiyon gwangwani, a fita da ita. A babbar giya, a gudun kilomita 40 zuwa 50 a awa, ka danne totur. Ƙis-ƙis na ɗan lokaci da ya ɓace nan da nan ana iya haƙuri da shi, amma idan ya zarce, a mayar da tayimin baya digiri biyu a sake gwadawa.

Sauke inji zai zama dole ne kawai idan kwamfireshan ya faɗi kuma saitin bawul bai tashe shi ba, kuma ko a nan, in gwajin baƙin mai ya nuna bawul ne, kan inji kaɗai za a cire. Sabuwar kabureta kuwa sai jikin tsohuwar ya tsage, ko ramin sandar totur ya cinye har ba a iya sa masa bushin. Idan za ka koma gareji, ka tafi da takarda da biro, ka roƙi bakanike cikin mutunci ya rubuta maka abu huɗu: kwamfireshan na kowace silinda, tazarar kwantak, digirin tayimin a silo da a juyi 3,000, da abin da ya faru da ya toshe tiyon bustar birki. Ka aiko mana da su, za mu duba tare da kai. Allah ya sa albarka a motar.